Zoben Hatimin Da Aka Cire



Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Bauchi ranar hawan Sallah ya ji yadda maroƙa suke jero sunayen sarakuna, har su kai kan Malam Yakubu, wanda ya kafa garin a 1809. Bayan rasuwarsa a 1845 ɗansa Ibrahim ya gaje shi. Ko da Turawa suka ci Bauchi a 1902 suka tuɓe Sarki Umaru, sarauta ba ta bar gidan Yakubu ba. Irin wannan asali yana da daɗin ji, gama kowane suna yana da gadon sarauta a ƙarƙashinsa.

Asalin Yesu a Matiyu sura 1 ya bi wata hanya dabam. Da yawa cikinmu mukan tsallake shi mu fara karatu daga aya 18. Ni ma na yi haka shekaru. Amma mu dakata a aya 11 da 12, a kan sunan Yekoniya.

Allah ya yi wa Dawuda alkawari a 2 Sama'ila 7 cewa gadon sarautarsa zai tabbata har abada. Sai ga shi a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe Yekoniya, wanda ake kira Yehoyakin, zuwa Babila, bayan ya yi wata uku kacal yana sarauta. Abin da ya fi bautar zafi shi ne maganar annabi Irmiya a sura 22. Ubangiji ya kwatanta sarkin da zoben hatimi wanda zai cire daga hannunsa, ya kuma ce babu ɗansa da zai zauna a gadon Dawuda. To, ina alkawarin?

Wannan ba tatsuniya ba ce. Masu tonon kufai daga Jamus sun haƙo wasu allunan yumɓu a Babila, aka buga abin da ke cikinsu a 1939. Lissafin ma'aji ne na rabon mai, ga kuma sunan Yehoyakin sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar a ciki. Jikan Dawuda yana jiran awo daga hannun wanda ya kama shi! Sai a shekara ta 37 ta bautarsa Ewil-merodak ya fitar da shi daga kurkuku (2 Sarakuna 25).

Jikansa Zarubabel ya koma Urushalima, ya shugabanci sake gina Haikali. A shekara ta 520 annabi Haggai ya faɗa masa Ubangiji zai mai da shi kamar zoben hatimi. Zoben da aka cire a zamanin kaka ya koma hannu a zamanin jika. Duk da haka Zarubabel gwamna ne a ƙarƙashin Farisa, bai taɓa zama sarki ba.

Daga nan Matiyu ya jera mutum tara: Abihudu, Eliyakim, Azuro, Saduku da sauransu, har Yakubu mahaifin Yusufu. Tsohon Alkawari bai ba da labarin ko ɗaya daga cikinsu ba. Wajen shekara 500 ke nan. Farisawa sun wuce, Helenawa sun zo, firistocin gidan Makabi sun ɗauki sarauta, Romawa suka naɗa Hirudus, wanda asalinsa Edom ne. Ba maroƙin da ya yi wa Azuro kirari. A ganina nan ne amincin Allah ya fi fitowa fili, domin ba ganga, ba fada, sai dai kowane tsara an haifi ɗa, an raɗa masa suna, an gaya masa gidan da ya fito.

Shi ya sa da Kaisar Augustas ya ba da umarnin ƙidaya, wani masassaƙi a Nazarat bai tambayi kowa garin da zai je ba. Ya ɗauki Maryamu suka nufi Baitalami, garin Dawuda.