Yadda Ganga Ta Ƙwace Kunamar Bindiga A Wasannin Bidiyo

Ranar 10 ga Disamba, 1993, wasu samari da ke aiki a garin Mesquite na jihar Texas a Amurka suka ɗora sabon wasansu a kan na'urar Jami'ar Wisconsin, domin duk mai so ya sauke. Sunan kamfaninsu id Software, sunan wasan Doom. Jama'a suka yi wa na'urar ca har ta durƙushe. Wanda ya samu ya buɗe wasan, abin da ya fara gani shi ne hannu riƙe da ƙaramar bindiga a ƙasan allo. Ba ya ganin jikin jarumin, domin idon jarumin shi ne idonsa. Abin da ya fara shiga kunnensa kuwa kiɗa ne mai gudu da kaushi, kamar an saki injin niƙa a cikin ɗaki.

Irin wannan wasa na harbi ta idon mai wasa ya girmi Doom. Su kansu samarin sun fitar da Wolfenstein 3D a 1992. Amma Doom ne ya ɗaura auren harbi da kiɗan da Turawa ke kira hebi metal, auren da har yau bai mutu ba. Abin da ya sauya cikin kusan shekara 30 shi ne wanda ke juya gidan.

Shi kiɗan metal a garin maƙera aka haife shi, wato Birmingham ta Ingila. Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar Black Sabbath, yana saurayi injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu. Sai ya ƙera wa yatsun 'yan huluna na roba, daga baya kuma ya sassauta tsirkiyar jitar don ya rage wa kansa zafi. Sautin ya yi ƙasa, ya yi nauyi. Faifansu na farko ya fito a 1970, kuma daga wannan tushe ne irin su Metallica da Slayer da Pantera suka tsiro, suka ƙara wa abin gudu da fushi.

Irin waɗannan faya-fayai ma'aikatan id ke saurare suna aiki. John Romero ya tattara wasu ya miƙa wa Bobby Prince, lauyan da ya koma tsara kiɗa, ya ce irin wannan suke so. Matsalar ita ce kwamfutar lokacin ba ta da wurin ajiye sautin jita na gaske. Prince ya yi amfani da tsarin MIDI, wanda ba sauti yake ɗauke da shi ba, umarni ne kawai: buga wannan, riƙe shi, saki. Katin sautin da ke cikin kwamfutar kowa ne ke fassara umarnin gwargwadon ƙarfinsa, shi ya sa kiɗan Doom a gidan mai kuɗi daban yake da na gidan talaka. Har yau masoya wasan na zama su yi ta tantance wane kiɗa ne ya ɗebo kama da wace waƙar Pantera ko Slayer.

Sai dai wannan kiɗa makaho ne. Ko kana tsakiyar dodanni, ko ka ɓata kana neman makullin ƙofa, haka zai ci gaba da zagayowa, bai san kana yi ba. A wasan Quake na 1996 an ɗauko Trent Reznor na Nine Inch Nails, har aka manna tambarin ƙungiyarsa a jikin akwatunan ƙusoshin da ake ɗura wa wata bindiga. Sautin ya ƙara kyau, ya ƙara ban tsoro, amma matsayinsa bai sauya ba: ado ne a bango.

Can a Japan kuwa wata zuriya ce daban ke tasowa. PaRappa the Rapper ya fito a 1996, kamfanin Konami ya biyo da Beatmania a 1997 da Dance Dance Revolution a 1998. A waɗannan wasanni babu maƙiyi sai lokaci. Alama ta taho, ka danna daidai bugu ko ka faɗi. A 2001 Tetsuya Mizuguchi na Sega ya yi Rez, inda ake harbi, kowane harbi kuma ya zama sauti a cikin kiɗan. Dabarar tasa akwai wayo, har da ɗan daɗin baki: na'ura ce ke jan sautin harbinka ta ɗora shi kan bugu, sai ka ji kamar kai gwanin makaɗi ne alhali gyara maka aka yi.

Metal ya shigo wannan zuriya ta ƙofar Guitar Hero, wanda Harmonix da RedOctane suka fitar a 2005 tare da jitar roba mai maɓallai biyar. Kasuwa ta buɗe, Rock Band ya zo a 2007, Metallica ta samu nata Guitar Hero a 2009. Aka yi ta zubo sababbi har mutane suka gundura, jitocin roba suka koma ƙarƙashin gado. A farkon 2011 kamfanin Activision ya dakatar da jerin Guitar Hero.

To, ga harbi a gefe, ga bin bugu a gefe, dukkansu sun saba da metal. Me ya hana a haɗa su tun da wuri? Halinsu ne ya saɓa. Mai wasan harbi an horar da shi ya danna kunama da zarar maƙiyi ya shigo saiti, jinkirin ƙiftawar ido kan jawo masa mutuwa. Mai bin bugu kuma an horar da shi ya jira. Harmonix, da suka fi kowa sanin wannan sana'a, sun gwada a 2014 da wani wasa mai suna Chroma. An yi gwajin farko da 'yan wasa, daga nan aka jingine shi, bai taɓa fitowa kasuwa ba. Wanda ya nuna hanya ma ba wasan harbi ba ne. Crypt of the NecroDancer, daga wani ƙaramin kamfani a Kanada a 2015, ya tilasta wa mai wasa ya yi kowane taku da kowace sara a kan bugu, ya kuma tabbatar da cewa ana iya yin faɗa da rawa a lokaci guda ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba.

A 2016 Doom ya dawo, da kiɗan Mick Gordon ɗan Ostareliya. Abin dariya, da farko an ce masa kada ya sa jita, don kada abin ya zama tsohon yayi. Ya fara da sautin lantarki da yake bi da shi ta cikin na'urori har ya dagule, sannan a hankali ya shigo da jita, har da mai tsirkiya tara, ya cakuɗa da kukan zarton inji. Babban aikin shi ne yanka kiɗan gunduwa-gunduwa, wasan ya riƙa harhaɗa su gwargwadon abin da ke faruwa. Faɗa ya yi zafi, ganguna su haukace, fili ya yi tsit, su lafa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san wannan: idon makaɗi na kan ɗan dambe, da ya ga ya yunƙura sai kalangu ya tsananta. Kiɗan ya buɗe ido ke nan, amma har yanzu shi ke bin mai wasa. Wasan ya ci kyautar kiɗa da sauti a bikin The Game Awards na shekarar.

David Goldfarb, wanda ya yi aiki a Battlefield: Bad Company 2 da Payday 2, ya ba da labarin cewa yana buga wannan Doom ɗin ne yana sauraren ƙungiyar Meshuggah ta Suwidin, sai ya tsinci kansa yana harbi daidai da ganga, daga nan tunanin ya zo masa. Kamfaninsa The Outsiders da ke Stockholm ya sanar da Metal: Hellsinger a 2020. Sai dai an riga shi shiga kasuwa. Ranar 15 ga Satumba, 2020, wani ɗan ƙaramin kamfani na Birtaniya, Awe Interactive, ya fitar da BPM: Bullets Per Minute. Nan babu lallashi. Harbi, ɗura harsashi, zillewa, duk sai a kan bugu. Ka danna kunama a wajen bugu, bindigar ba za ta tashi ba. Ka mutu kuma, ka koma farko. Wannan ba dambe ba ne kuma, lugude ne: wadda ta saki taɓaryarta ba a kan lokaci ba, ita ce za ta ɓata wa kowa daka.

Metal: Hellsinger ya fito ranar 15 ga Satumba, 2022, shekara biyu cif bayan wancan, ƙarƙashin kamfanin Funcom. A ganina shi ne ya fi fahimtar ɗan Adam. Idan ka saɓa wa bugu bindiga za ta tashi, sai dai harbin ba shi da ƙarfi. Idan ka dace, akwai ma'aunin da ke hawa daga 1 zuwa 2, 4, 8, har 16, kuma duk hawa ɗaya sai a ƙara maka wani sashe na kiɗan. A ƙasa ɗan ƙashin kiɗan kawai kake ji, sannan jita ta cika, ganguna su yi kauri. Muryar mawaƙi ba ta fitowa sai ka kai 16, kuma da ka fara kuskure ko aka yi ta dukanka, sai ta ɗauke. Ladan iya wasa shi ne a rera maka waƙa. Labarin ma a kan haka aka gina shi: jarumar an ƙwace mata murya, tana ratsa matakai takwas na gidan wuta don ta karɓo abarta, wani ƙoƙon kai mai suna Paz yana ba da labari da muryar Troy Baker.

Kuma muryoyin ba na 'yan koyo ba ne. Elvira Björkman da Nicklas Hjertberg, da ke aiki da sunan Two Feathers, su suka tsara kiɗan, aka gayyato Serj Tankian na System of a Down, Randy Blythe na Lamb of God, Matt Heafy na Trivium, Alissa White-Gluz wadda ke Arch Enemy a lokacin, da Tatiana Shmayluk ta ƙungiyar Jinjer daga Yukren. Kafin fitowar wasan har casu aka shirya da wasu daga cikinsu a baje kolin Gamescom na birnin Kolon a Jamus. Tsara irin wannan kiɗa akwai takura: dole bugun ya tsaya daram daga farko har ƙarshe, dole kowane sashe ya iya shiga ya fita ba tare da an ji ɗinki ba. Ga kuma matsalar talabijin da abin sauraro mara waya, waɗanda kan jinkirta hoto ko sauti da ɗan abin da ido ba ya kamawa amma yatsa na ji. Shi ya sa kafin a ba ka bindiga sai an sa ka gwajin daidaita kunnenka da na'urarka.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, hotunan waɗannan wasanni cike suke da ƙaho da wuta da shaiɗanu, gadon da suka ci daga bangon faya-fayan metal, kuma ba kowane gida ne zai yarda a kunna su a falo ba. Ko ta fuskar wasa, suna da iyaka. Hellsinger gajere ne, kuma idan aka cire kiɗan, filayen faɗansa sun yi kama da juna. Wasu sun biyo sahu da wasu kaɗe-kaɗen, kamar Robobeat a 2024, amma zuriyar ba ta yaɗu kamar yadda ta Doom ta yaɗu ba. A 2025 Funcom ya sanar da rage ma'aikata, kuma The Outsiders, kamfanin da ya yi Metal: Hellsinger, yana cikin abin da aka rufe.