Sarauniyar Lugu da maraicin da alƙalami ya ɗora mata

A watan Nuwamba na 1939 mawallafan littafin zane-zane na Amurka suka bayyana wa masu karatu dalilin da ya sa Batman yake yawon dare yana farautar miyagu: yana yaro aka bindige uwarsa da ubansa a gabansa. Tun daga ranar iyayen nan ba su huta a kabari ba. An sake kashe su a fim na 1989, an maimaita a 2005, an koma a 2016 da 2019, ban da littattafai bila adadin. Duk marubucin da dabara ta ƙare masa sai ya tono su, domin ya san hawayen maraya ba su da wuyar sayarwa. Bahaushe ma ba baƙo ba ne ga wannan dabara, tatsuniyoyinmu cike suke da marainiya da kishiyar uwa. To amma Batman ƙage ne, ba shi da dangin da za su yi ƙorafi. Inda abin yake da nauyi shi ne idan aka ɗora irin wannan maraici kan mutumin da ya rayu da gaske, kamar yadda ya faru ga Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa.

Abin da takardun Nasara suka riƙe game da ita kaɗan ne. Ran 16 ga Afrilu 1899 rundunar Vule da Shanwan, wadda ta taso daga bakin Kwara tana ƙone garuruwa, ta faɗa wa Lugu. Azna suka tare ta da baka da kibiya, sannan suka janye cikin kurmi mai wuyar shiga. Rundunar ta yi asarar mutum 4, wasu 6 suka ji rauni, ta ƙone garin ta wuce Birnin Ƙonni. Jowalan, hafsan da ya rubuta labarin tafiyar, a matsayin tsohuwar matsafiya ya ambace ta. Bai san uwarta ba, bai kuma tambaya ba.

Sai a 1980 Abdulaye Mamani, ɗan Sawaba wanda ya sha gudun hijira ya kuma ɗanɗana kurkuku zamanin Seyni Kunce, ya fitar da littafinsa Sarraounia da Faransanci. A nan ne jama'a suka sadu da jaririyar da uwarta ta rasu wurin haihuwa, aka miƙa ta ga Dawa abokin ubanta, ya shayar da ita nonon goɗiya, ya koya mata harbi da sirrin itatuwa. Med Hondo ya ɗauki wannan zare a fim ɗinsa na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Babu mai zargin Mamani. Ƙagaggen labari ya ce zai rubuta, kuma ƙasar da aka raina tarihinta tana bukatar jaruma. Ya cire uwa daga hanya ne don yarinya ta tashi a hannun namiji, ta kuɓuta daga turmi da murhu, mai karatu ya yarda za ta iya jan yaƙi. Laifin na waɗanda suka biyo baya ne. A wasan kwaikwayon ƴan lakwal, a jawabin ranar biki, har a bakin wasu malamai daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, da wuya a fara labarinta ba da mutuwar uwa da nonon goɗiya ba, kamar dai daga bakin tsofaffin Lugu aka ji shi.

Abin da wannan maimaici yake binnewa ya fi shi girma. Sarauniya ba sunan mace guda ba ne, sarauta ce ta Gubawa, wadda al'ada ta ce ta faro daga Ƴar Ƙasa, da ta taso daga Daura tana bin dutsen Tunguma har ta sauka Lugu. Mangu ɗaya ce cikin jerin mata da suka riƙe ta, kafin ita da bayanta. Mai riƙe da ita ba ta hawan doki ba ta ɗaukar mashi. Zaune take cikin bukkarta da farin zane, tana kaɗin auduga, tana roƙon ruwa da lafiyar ƙasa, masu neman gaskiya kuma suna zuwa gaban Tunguma a yanke musu shari'a. Ke nan abin da ya tsaya gaban bindigogin Vule gari ne da ya yarda da tsarinsa, da maharban da suka san wa suke karewa. In aka mai da shi labarin marainiyar da wahala ta ƙera, sai maharban su ɓace, sarautar ta ɓace, a bar yarinya guda da baƙin cikinta.

Wani abin lura, wanda masana irin su Bube Namaiwa da abokan aikinsa suka rubuta a kansa a 2007, shi ne cewa lalle akwai mamaci a farkon kowace Sarauniya, sai dai ba uwarta ba ce. Idan mai sarauta ta rasu ana yin tarkama: a shirya gawarta, maza su ɗauke ta, matan zuriyar suna zaune, gawar ta ja masu ɗaukarta har ta tsaya kan wadda za ta gaje ta. Haka ake yi wa Baura na Bagaji ma. Wadda aka nuna sau da yawa ta riga ta manyanta, tana da gidanta da ƴaƴanta, wataƙila ma daga wani ƙauye aka kira ta zaman makoki. Daga ranar ta bar su duka, ta shiga bukkar da wadda ta gabace ta ta fita.