Jiminar Iferwan da Littafin Ƙidaya

Akwai ƙwan jimina guda a ɗakin kakata a Iferwan, an huda shi an rataye da igiyar fata. Tun ina ƙarama nake kallonsa. Amma jiminar da ta yi shi, ko irinta, ban taɓa ganinta tana yawo a daji ba. Waɗanda na gani duka a cikin shinge suke. Ranar da na tambayi Kaka ina sauran suka tafi, sai ta ce, "Yarinya, bindiga ta kwashe su." Wannan amsar ce ta kai ni karatun namun daji a Yamai, ita ce kuma ta sa na bi diddigin tarihin nan.

A shekarar 1988 gwamnatin Nijar ta kafa gandun Ayar da Tenere, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 77,000, aka sa cibiyarsa a garinmu, gindin dutsen Tamgak. A tsakiyarsa aka keɓe wani yanki saboda adaks, farar dabbar nan ta rairayi mai murɗaɗɗen ƙaho. Ƙungiyoyin WWF da IUCN suka kama wa aikin, tare da masani ɗan Ingila John Newby. Abin da ya bambanta gandun shi ne ba a kori mutane ba. Makiyaya da masu garka suka ci gaba da zamansu, aka nemi su zama masu tsaro. Ƙidayar da aka yi wajen 1990 ta nuna akwai jimina kimanin 1,600 a Ayar. A 1991 UNESCO ta sa gandun cikin kayan gadon duniya.

Murnar ba ta daɗe ba. Tawaye ya ɓarke a arewa, a 1992 aka yi garkuwa da wasu ma'aikatan gandun, aikin ya tsaya, a shekarar kuma UNESCO ta mayar da wurin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Jimina ba ta hawa dutse kamar ragon dutse. A fili take kiwo, cikin kori, inda mota ke iya cim mata. Kafin a sa hannu kan sulhun Afrilu 1995, an kusa ƙarar da ita. Ƴan tsirarun da suka saura, mutanen gari ne suka killace su. A Fabrairun 2007 aka kai wa sansanin soja na Iferwan hari, tawaye na biyu ya soma, gari ya kusa watsewa.

To, ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Da ba a yi waccan ƙidayar ba, yau ba mu da hujjar cewa mun yi asara. Sai dai mu ce "da can akwai su da yawa", kowa da nasa yawan.

Shi ya sa da lokacin sitaj ya zo a shekarata ta uku, na roƙi a tura ni gida. Aikin ba shi da wani ado. Mu tashi da asuba, mu bi layin da aka shata da GPS a ƙafa, in rubuta kowane sawu da kashi da muka gani. Satin farko sawun akuya na dinga rubutawa a matsayin na barewa. Wani tsohon makiyayi da ke mana jagora ya duƙa ya nuna mini yadda kofaton barewa ke da tsini da ƙanƙanta, ya ce, "Ɗiyata, fara karanta ƙasa tukuna." Kunya ta kama ni, na soke shafi huɗu.

Har yanzu akwai ragon dutse a Ayar, akwai ƙaramar barewa, akwai kuma ƴan ƙalilan na babbar barewar dama a dutsen Takolokuzet. Ana kiwon jimina a Kelle, ta wajen Gure, da niyyar mayar da ita daji. In an sako ta, wa zai bi sawunta ya rubuta? Masanan waje tashin hankali na mayar da su gida, mun gani har sau biyu. Ƴan uwana ɗalibai, musamman ƴan arewa, wannan littafin mu ya kamata mu riƙe. Ni dai na cika nawa na farko, kuma in Allah ya yarda da damina zan koma.