Gigin Tsufa da Maganin da Ya Ɗauki Shekara 24 Kafin Ya Iso

A Zuru, kamar ko'ina a ƙasar nan, idan tsohuwa ta fara manta sunan jikokinta ko ta ɓace a hanyar kasuwa, sai a ce gigin tsufa ne, a ci gaba da haƙuri da ita. Sau da yawa kuwa cuta ce mai suna. A 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana wasu dunƙule-dunƙule da ya gani a ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa, Auguste Deter, bayan rasuwarta. Sai a 1984 aka gano cewa wani furotin ne mai suna amiloyid yake taruwa haka.

To me zai hana a tura sojojin garkuwar jiki, wato antibodi, su share shi? Dale Schenk ya gwada a 1999: ya yi wa ɓeraye rigakafi da amiloyid ɗin kansa, dattin ya ragu sosai. Da aka koma kan mutane sai murna ta koma ciki. A 2002 aka dakatar da gwajin, domin kusan kashi 6 cikin 100 sun samu kumburin ƙwaƙwalwa.

Daga nan aka sauya dabara. Maimakon a sa jiki ya ƙera antibodin, sai a haɗa shi a ɗakin gwaji a ɗura ta jijiya. Wahalar ita ce ƙwaƙwalwa tana da shinge, abin da ke ratsa shi daga jini kusan ɗaya ne cikin dubu. Bapineuzumab ya faɗi a 2012, solanezumab a 2016. Aducanumab ya samu amincewa a Amurka a 2021 cikin ce-ce-ku-ce, kamfaninsa ya yi watsi da shi a 2024.

Lecanemab ne ya fara tsayawa da ƙafarsa, ya samu cikakkiyar amincewa a Yuli 2023. A gwajin mutum 1,795 ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin 100 a wata 18. Ku lura, jinkirtawa yake yi, ba ya dawo da abin da aka manta. Kuma lokacin da aka amince da shi a 2023 ƙarin ruwa ne duk mako biyu, ga hoton MRI a kai a kai saboda haɗarin kumburi da zubar jini, ga farashin dala 26,500 a shekara a wancan lokacin. Ga iyalin da ke noma dawa a Dabai, wannan labari ne kawai.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Baƙaƙen fata a wancan gwajin ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Alhali binciken Ibadan da Indianapolis, wanda aka fara a 1992, ya nuna cutar ta fi ƙaranci a tsofaffin Yarbawa fiye da baƙaƙen Amurka, kuma ƙwayar gadon APOE4 ba ta da ƙarfin tasiri a kansu kamar can. Wannan ƙwayar gadon ce kuma take ƙara haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa ga mai shan lecanemab.