Wayar bidiyo

Wayar bidiyo, wadda masu gyara suke kira kebul, ita ce wayar da ke ɗaukar hoto, wani lokaci har da sauti, daga na'urar da ke samar da shi zuwa allon da ake kallo. Na'urar na iya zama dikoda ta tauraron ɗan adam, ko DVD, ko kwamfuta, allon kuma talabijin ne ko majigi. Ana amfani da ita a falon gida da kuma gidajen kallo na haya, inda ake biyan kuɗi a kalli ƙwallon ƙafa da finafinai. Tun da aka fara rataye talabijin mai faɗi a jikin bango, masu saye suka fi neman siririyar waya mai sauƙin ɓoyewa. Sai dai kaurin waya yana da alaƙa da nisan da za ta iya kai hoto ba tare da ya lalace ba, kuma a kan wannan alaƙa ne ake gina zaɓinta.

Tarihi da ire-irenta

Mafi daɗewa a gidaje ita ce wayar RCA mai kawuna uku, wadda aka fi sani da wayar AV. Kan rawaya ne ke ɗaukar hoto, fari da ja kuma sautin hagu da dama. Da yake haske da launi suna cakuɗe a cikin waya ɗaya, hotonta ba ya fita tas a babban allo. Wayar kwamfonent ta raba hoton gida uku, kore da shuɗi da ja, saboda haka ta fi ta kyau. Kamfanin IBM ya fito da VGA a shekarar 1987 domin kwamfuta. Tana da fil 15 kuma ba ta ɗaukar sauti. SCART mai fil 21 ta samo asali ne daga Faransa, inda ake kiranta Péritel, kuma ana ganin ta a tsofaffin talabijin da dikodojin da aka ƙera domin kasuwar Turai.

A watan Disamba na 2002 aka fitar da tsarin HDMI na farko. Kamfanoni bakwai ne suka kafa shi: Hitachi, Panasonic, Philips, Silicon Image, Sony, Thomson da Toshiba. HDMI tana tura hoto da sauti a tare cikin tsarin dijital, kuma babban kanta yana da fil 19. Akwai ƙananan kawuna guda biyu, mini da micro, na kyamara da ƙananan na'urori. An yi ta ƙara saurinta: HDMI 1.3 na 2006 ya kai gigabit 10.2 a sakan guda, 2.0 na 2013 ya kai gigabit 18, wanda ya isa hoton 4K mai firem 60, sannan 2.1 na 2017 ya kai gigabit 48.

Waya ta daban ita ce koksiyal, wadda ke saukowa daga farantin tauraron ɗan adam zuwa dikoda. Wadda aka fi amfani da ita ita ce RG-6 mai om 75, da kai mai murɗawa da ake kira F. Ta cikinta sigina ke saukowa tsakanin megahaz 950 da 2150, ta cikinta kuma dikoda ke tura wuta bolt 13 ko 18 zuwa na'urar LNB da ke gaban farantin.

Kauri da nisa

Ana auna kaurin zaren ƙarfen da ke cikin waya da ma'aunin Amurka da ake kira AWG. A wannan ma'auni, idan lamba ta ƙaru, zaren siranta yake yi. Zare mai lamba 24 yana da faɗin kusan milimita 0.51, mai lamba 28 kusan 0.32, mai lamba 30 kusan 0.25, mai lamba 36 kuwa kusan 0.13 kacal. Wayoyin HDMI da ake tallatawa a matsayin sirara yawanci suna tsakanin lamba 32 da 36.

Siririn zare ya fi turje wa wutar da ke bi ta cikinsa, don haka sigina ke raunana da wuri. Ƙa'idar HDMI ba ta yanke iyakar tsawo ba. Abin da ta shar'anta shi ne ingancin siginar da za ta isa ɗaya ƙarshen. A aikace, waya mai lamba 28 takan kai kimanin mita 5, mai lamba 24 takan kai mita 12 zuwa 15 da hoton da bai wuce 1080i ba, siririya ƙwarai kuma ta fi dacewa da mita ɗaya zuwa biyu. Idan aka ƙara ingancin hoto zuwa 4K, nisan sai ya ragu.

Yadda matsala ke bayyana ya bambanta tsakanin tsohuwar waya da sabuwa. A wayar AV, hoto dusashewa yake yi a hankali yayin da waya ke ƙara tsawo. A HDMI kuwa, hoto yana nan daram har sigina ta faɗi ƙasa da wani mataki, daga nan sai a ga ɗige-ɗigen fari suna walƙiya, ko allo ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ya yi baƙi gaba ɗaya. Wannan ya sa waya mai tsada ba ta ƙara wa hoto launi ko kaifi a kan mai araha, muddin dukansu suna isar da sigina cikakkiya.

Masu ƙera waya sun samar da hanyoyi uku na haɗa siranta da nisa. Ta farko ita ce waya mai ƙaramar na'urar ƙarfafa sigina a cikin kanta, wadda ke cin wuta daga bolt 5 ɗin da ke fil na 18. Ta biyu ita ce waya mai zaren gilashi, wadda ke mayar da sigina haske, kuma tana iya kai gomman mitoci duk da sirantarta. Waɗannan biyun suna da gaba da baya: an rubuta wa kai ɗaya na dikoda, ɗaya na talabijin, idan aka juya su ba sa aiki. Ta uku ita ce HDBaseT ta shekarar 2010, wadda ke tura hoton ta wayar intanet ta Cat5e ko Cat6 har mita 100, da ƙaramin akwati a kowane ƙarshe.

Yadda ake zaɓe

Ana fara zaɓe da awon hanyar da wayar za ta bi, har da lanƙwasa da hawa bango, a ƙara ɗan rara kaɗan. Bayan haka a duba irin hoton da dikoda da talabijin ke iya bayarwa. Wayoyin HDMI suna da aji-aji da ake rubutawa a kwali: Standard na 720p da 1080i, High Speed na 1080p, Premium High Speed na 4K mai firem 60, da Ultra High Speed na gigabit 48. Yawancin tasoshin tauraron ɗan adam da ake kallo a Najeriya ba su wuce 1080 ba, saboda haka High Speed ta wadatar da dikoda ta yau da kullum.

Kaurin robar waje ba ya nuna kaurin ƙarfen ciki. Ana samun waya mai kauri a ido wadda zarenta alminiyam ne aka shafe da jan ƙarfe, irinta kuma tana saurin karyewa. A wayar koksiyal, akan yi zaren tsakiya da baƙin ƙarfe a lulluɓe shi da jan ƙarfe. Maganaɗisu yana kama irin wannan, ba ya kama tsantsar jan ƙarfe. Irin mai baƙin ƙarfe tana aiki a gajeriyar hanya, amma a doguwa wutar da ke zuwa LNB raguwa take yi, sai wasu tasoshi su ɓace. RG-59 ta fi RG-6 siranta, tana kuma asarar sigina fiye da ita, shi ya sa masu ɗaura faranti ba sa son ta a dogon zango.

Shimfiɗawa

Ana gwada waya a ƙasa, a haɗa ta da na'urorin a kalli hoto na ɗan lokaci, kafin a binne ta a bango ko a wuce da ita ta silin. Idan za a binne, ana saka ta cikin bututun roba mai faɗin da kan HDMI zai iya wucewa, a bar igiyar ja a ciki domin ranar canji. Ba a lanƙwasa ta lanƙwasa mai kaifi, ba a kuma jan ta ta kai, domin a nan ne siraran zaruruwan suke manne. Ƙusar maƙale waya ba a buga ta har ta matse robar. Ana nisanta wayar bidiyo da wayar wuta, idan kuma dole su haɗu, sai su gitta juna a miƙe.

A bayan talabijin da ke rataye, nauyin waya mai kauri yakan ja ramin HDMI ƙasa har ya saki daga allon na'urar ciki, gyaransa kuma ya fi kuɗin waya nesa ba kusa ba. A nan siririyar waya ke da amfani na gaske, ko kuma ɗan mahaɗi mai kusurwa. Ana kashe na'urori kafin a cire ko a soka waya, musamman koksiyal mai ɗauke da wuta.

A ƙasar Gobir

Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suna gabashin jihar Sakkwato. Sabon Birni tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, Isa kuma tana maƙwabtaka da Shinkafi ta jihar Zamfara. Kamar sauran garuruwan arewa, gidan kallo a nan yakan zama rumfa ko zaure mai rufin kwano, da bencina, da talabijin biyu ko uku da ke nuna wasa ɗaya ko wasanni daban-daban, ana kunna su da janareta ko sola. Idan dikoda ɗaya ce ke ciyar da alluna da yawa, ana amfani da akwatin raba HDMI mai cin wutarsa daban, a sa gajeriyar waya daga dikoda zuwa akwatin, a sa masu kauri zuwa alluna na nesa.

Zaman kan iyaka yana da nasa tasirin. A zamanin talabijin na analog, Najeriya ta bi tsarin launi na PAL, Nijar kuma ta bi SECAM na Faransa. Wayar AV tana ɗauko launi a cikin ɗaya daga waɗannan tsare-tsare, don haka tsohon talabijin da ya san tsari ɗaya kawai yakan nuna baƙi da fari idan aka haɗa shi da na'urar ɗaya tsarin, ko da wayar lafiyarta ƙalau. Kayan da suka shigo ta Maraɗi ko Konni kan zo da ramin SCART da fulogi mai ƙafa biyu zagayayyu, alhali soket ɗin Najeriya na ƙafa uku ne irin na Ingila. HDMI ta kawar da matsalar launin, tun da ba ruwanta da PAL ko SECAM.

Yanayi ma yana cin waya. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, a ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka, robar waya mai araha sai ta bushe ta tsage. Ƙurar hunturu tana cika ramukan da ba a amfani da su, shi ya sa ake toshe su. Ɓeraye suna gurgurar waya a silin, siririya kuma ciza ɗaya ya ishe ta. Da damina, ruwa kan shiga ta kan F da ke jikin LNB ya bi cikin wayar ya sa tsatsa, don haka ake naɗe kan da tef, a kuma bar wayar ta ɗan yi lilo ƙasa kafin ta shiga bango domin ruwan ya ɗiga a waje. Tsawa tana iya bin koksiyal ta ƙone dikoda, ta zarce ta HDMI ta ƙone ramin talabijin. Maganin haka shi ne a haɗa farantin da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, a kuma cire koksiyal da fulogi idan hadari ya taso.

Matsalar tsaro da yankin ya fuskanta ta ƙara wa waɗannan ƙananan abubuwa muhimmanci. A watan Satumba na 2021 an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni. Farantin tauraron ɗan adam ba ya dogara da turakun salula, don haka tasoshin kyauta da rediyo suna iya ci gaba da kawo labarai a irin wannan hali. A inda tafiya zuwa Sakkwato ko wata babbar kasuwa ke da haɗari da tsada, tsinkewar waya ɗaya na iya rufe gidan kallo kwanaki. Saboda haka masu gyara kan shawarci mai gidan kallo ya ajiye wayar HDMI ɗaya ta ko-ta-kwana, da ragowar RG-6 da kawunan F, ya kuma riƙe tsohuwar wayar AV, wadda ke iya riƙe kallo kafin a samo canji.