Malam Umaru Altine: Basakkwacen Da Ya Zama Magajin Garin Inugu

Mu 'yan asalin Gwashi da sauran ƙasashen Bukkuyum, Gummi da Anka waɗanda neman abinci ko aikin gwamnati ya zaunar da mu a birane, mun ga ya dace a fitowar bana mu waiwayi tarihin wani ɗan lardinmu da ya riga mu zaman baƙunci, wato Malam Umaru Altine, Magajin Garin Inugu na farko.

Mun kira shi ɗan lardinmu ne domin a zamanin Turawa mu da mutanen Sifawa, garinsu Malam Umaru, duk Lardin Sakkwato ɗaya ya haɗa mu, kuma ba mu rabu da su ba sai da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Sifawa kuwa, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, ita ce inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815.

Fataucin shanu ne sana'ar Malam Umaru a ƙasar Ibo. Ƙudan tsando ya hana shanunmu na Arewa yaɗuwa a dazuzzukan Kudu, saboda haka naman da ake ci a can daga wajenmu yake zuwa. Da farko a ƙasa ake kora su, tafiyar makonni. Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda ta Gusau a 1929, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai a 1932, sai ya zamana ana iya loda dabba daga ƙasar Zamfara a sauke ta Inugu.

Ita kanta Inugu sabon gari ce a lokacin. Gawayin ƙasa da aka gano a tsaunukan Udi a 1909 shi ya kafa ta, jirgin ƙasa daga Fatakwal ya iso ta a 1916, daga baya ta zama hedikwatar Jihar Gabas. Ƙasar ta mutanen Ngwo ce da Nike, amma mafi yawan mazauna garin, leburorin ma'adinai da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa, zuwa suka yi daga Anacha da Oweri da sauran wurare. A gari irin wannan kusan kowa baƙo ne, har da Ibo ɗin kansu. Abin da ya haɗa kan jama'ar shi ne adawa da mulkin mallaka, musamman bayan ranar 18 ga Nuwamba 1949 da 'yan sanda suka harbe masu haƙar gawayi 21 a mahaƙar Iva Valley.

A nan ne hanyar Malam Umaru ta sha bamban da wadda muka saba gani. Al'adarmu idan muka je baƙon wuri ita ce mu taru a unguwa ɗaya, wadda Ibo ke kira Ama Awusa, mu naɗa Sarkin Hausawa ya riƙa shiga tsakaninmu da hukuma, mu bar siyasar gari ga masu gari. Shi kuwa sai ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, wadda aka kafa a 1944, ya yi mata aiki tuƙuru har ya zama jagoran reshenta na Inugu. Ya kuma auri 'yar ƙabilar Ibo. Da aka ɗaga darajar majalisar garin a 1956, shi ne aka zaɓa ya zama Magajin Gari, ya riƙe muƙamin har 1958. Kada mai karatu ya haɗa wannan da Magajin Garin Sakkwato, wanda sarauta ce ta gado. Na Inugu kujerar zaɓe ce, mai kula da kasuwanni da tsabtar gari da hanyoyi da kuɗin shiga.

Masu ba da wannan labari a jaridu sukan mayar da shi tamkar shaidar cewa mutanen da ba su san ƙabilanci ba. A ganinmu wannan zuzutawa ce. An san shi sarai, domin a Inugun ma akwai ja-in-ja tsakanin 'yan ƙasa da Ibo 'yan zuwa kan wanda zai mallaki majalisa, kuma a 1953 an yi tarzoma a Kano tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu. Bugu da ƙari, NCNC tana bukatar ta nuna cewa ita jam'iyyar ƙasa ce baki ɗaya, shi ya sa ta ƙulla ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano. Amma duk wannan bai rage wa Malam Umaru komai ba. Jam'iyya ba ta ɗora wanda ba ya zuwa taro, kuma ba don mutanen garin sun san shi a kasuwa da fagen siyasa ba, da lissafin manya bai kai shi ko'ina ba. Ko a Ikko ma an ga irin haka, inda Mbonu Ojike, ɗan ƙabilar Ibo, ya zama mataimakin Magajin Gari Dokta Olorun-Nimbe a farkon shekarun 1950.

Wannan yanayi bai daɗe ba. Juyin mulkin Janairu 1966 da kashe-kashen da suka biyo baya sun sa Ibo sun bar Arewa, 'yan Arewa kuma sun bar Gabas. A Inugun da Basakkwace ya shugabanta aka kafa hedikwatar Biyafara da aka ayyana ranar 30 ga Mayu 1967, yaƙi kuma bai ƙare ba sai Janairu 1970.

Bayan yaƙi fatake sun koma, shanu sun ci gaba da sauka, amma ƙa'idar zama ta canja. Tsarin raba muƙamai bisa asalin jiha da ya shiga kundin tsarin mulki na 1979 ya ƙara wa takardar shaidar zama ɗan asali ƙarfi, ta yadda yaron da aka haifa a Kaduna ko Abuja sai ya taho Bukkuyum ko Gummi neman takardar kafin ya sami gurbin karatu ko aiki. Kundin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa a sashe na 42, amma a sashe na 147 ya ce minista sai ɗan asalin jihar da yake wakilta. Su kuma 'yan'uwanmu da yawa, duk da shekara ashirin ko talatin da suka yi suna biyan haraji da kuɗin rumfa a biranen da suke zaune, katinsu na zaɓe na mazaɓar gida ne, ranar zaɓen kansila a unguwarsu kuwa suna kasuwa.