Kan jirgin dizal: Tarihin injin da ya ja gyaɗar Kano zuwa teku

A ƙauyukan Gezawa da ke gefen layin dogon Kano zuwa Nguru, dattawa na tuna zamanin da ƙugin jirgin kaya ke faɗa wa manomi lokaci, yara kuma na jera gwangwanaye a zare suna ja, suna kwaikwayon taragai. Yanzu da ake shimfiɗa sabon layi ta arewacin Kano, ya dace a waiwayi injin da ke jan waɗancan taragai.

Yadda yake aiki

Kan jirgi shi ne injin da ke gaba, taragai na biye da shi. A irin wanda aka fi amfani da shi a Najeriya, injin dizal ne ke juya janareta, wutar da ta samu kuma ta tafi ga ƙananan injinan lantarki da ke juya ƙafafun. Wannan ne ke ba shi ƙarfin tayar da kaya masu nauyi daga tsaye.

Daga kwal zuwa dizal

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, ta Jogana da Ringim da Malam Madori. Jiragen farko na tururi ne, masu cin kwal da ruwa. Kwal sai an ɗauko shi daga Inugu, ruwa kuwa da rani wuya yake yi a Arewa. Gyaɗa ta riƙa taruwa fiye da abin da jirage ke iya kwashewa, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa buhuna suka zama dalar gyaɗa a Kano.

A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, kamfanin English Electric na Ingila ya kawo rukunin farko na manyan kawunan dizal. Daga baya an sayo wasu daga Amurka da Kanada. A 1964 hukumar ta yi dakon kaya kusan tan miliyan 3.

Abin da ya durƙusar da shi

Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun rage kayan dako. Kuɗin fetur ya karkata ga tituna, manyan motoci suka karɓe ciniki. Kan dizal kuma yana buƙatar kayan gyara daga waje, kowane kamfani da irin nasa. An ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya tafiyar da hukumar daga 1979 zuwa 1982, gwamnatin Abacha ta sayo kawuna daga Sin, a 2010 kuma aka kawo 25 ƙirar General Electric. Kowane zubi ya ɗan farfaɗo da zirga-zirga, sannan rashin kulawa ya mayar da hannun agogo baya.

Sabon layi

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon kuwa 1,067, don haka tsofaffin kawunan ba za su hau shi ba.

Gyaran tsarin mulki na 2023 ya bai wa jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa. Saboda haka manomin Dambatta da ya ba da gonarsa a wannan yanki mai ƙarancin fili yana da hurumin tambayar Abuja da Kano baki ɗaya: a wace tasha za a loda hatsinsa, nawa ne kuɗin dakon buhu, kuma wa zai riƙa gyara injin bayan bikin buɗewa?